Tubalin Da Ya Ƙi Bushewa

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ɗan shagon fotokopi kusa da mairi, wato ofishin magajin gari, saura kaɗan a cinye filin da mahaifiyata take kasa kayan miya a cikinsa. Abin dariyar kuma, har da ita a cikin masu cin. Na daɗe ina son ba ku labarin ga, don waɗanda suka san ni sun san in aka taɓo zancen tsarin gari, to sai dai a toshe mini baki. Ku gyara zama, zai ɗan ja.

Bari in fara da yadda ciwon ya kama ni. Ni lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, a ajin troisième na tsaya, jarrabawar brevet ta ce ba ta san ni ba. Sai aka sama mini wuri a shagon ga, ina danna inji daga safe har yamma. Cikin masu zuwa akwai masu awon filaye, waɗanda muke ce ma topo. Suna kawo manya-manyan takardun lotisman, wato zanen sabuwar unguwa kafin a raba ta. Wata rana inji ya ja ɗaya a karkace, mai ita ya ce a yar. Ban yar ba. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka ɗora bisa hasumiyar babban masallaci aka ce ya leƙo gari. Ga ƴan gidaje a jere kamar gidajen dara, kowane da lambarsa. Ga hanyoyi, an rubuta faɗin kowace. Ga wasu wurare an yi musu zane a gicciye, ba lamba. Ga wani dogon wuri gefen kori, hanyar ruwan damina, an bar shi fari fat.

Akwai wani dattijo a cikin topo ɗin, mai haƙuri, kullum da alƙalami a bayan kunne. Da ya dawo na tare shi.

"Baba, waɗannan da ba su da lamba fa, mantuwa aka yi?"

Ya yi dariya. "A gidanku ana girka tukunya a bakin masai?"

Na ce a'a.

"Ana ɗaure awaki a ɗakin kwana?"

Na ce a'a.

"To gari ma gida ne, girma dai ya fi shi. Waɗannan masu lamba su ne farsel, wurin kwana. Nan hanya. Nan da ka ga zane a gicciye rezerb ne, an aje ma jama'a: lakwal, likita, kasuwa, masallaci. Gefen kori kuwa ba a ba kowa, na ruwa ne, kuma ruwa ba ya manta gidansa. Wannan rabon shi ake ce ma zonage."

Jama'a, tun daga ranar na lalace. Duk ɗan abin da na samu sai ya tafi a connexion ɗin intanet, ina kallon bidiyoyin masu bayanin tsarin birane, rabi ina ganewa rabi ina maimaitawa har in gane. In ina tafiya a gari ba na ganin gidaje, layuka nake gani. Me ya sa garejin gyaran mota ya manne da gidan da ake renon jariri, me ya sa hanyar ga ta tashi da faɗi ta ƙare a tsuke, wa ya bari aka yi gini a bakin magudanar ruwa. A fada kuwa, wurin shan shayinmu, suka laƙa mini suna Mushe Plan, wato Monsieur mai zanen gari. Abokina, wanda muka tashi tare, shi ya fi kowa iya shege. In ya miƙo mini shayi sai ya ce, "Karɓi a hankali, Mushe. Ka duba ko kofin yana bisa layi, kar mairi ta zo ta rushe."

To unguwarmu sabuwa ce, can bayan Dagmanet. Galibinmu daga tsohon gari muka fito, inda gidaje suka cushe har maƙwabci yana jin tarin maƙwabci. A tsakiyar unguwar akwai wani ƙaton fili da bagaruwa guda a gefe. Bayan rasuwar mahaifina, mahaifiyata ta fara kasa albasa da tumatir da tafarnuwa a ƙarƙashin bagaruwar. Wani direba da ke saukowa da kayan lambu daga Tabelot ya saba da ita, in ya shigo gari sai ya biyo da kamiyonsa har cikin filin, ya sauke mata buhunanta, ya juya ya wuce babbar kasuwa. Sannu a hankali wasu mata suka zo suka zauna kusa da ita, mai kuɓewa, mai gishiri, mai tuyar ƙosai. Da wannan kasuwancin ta ciyar da mu. Kuma gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, zuwa babbar kasuwa kullum ba abin da za ta iya ba ne. Filin ga shi ne tuwonmu.

Yanzu ga inda maganar take. Mu nan Agadez, in mutum zai yi gini, ana buga mishi tubalin laka a duk filin da ya samu a buɗe, a shanya shi a rana. Ba wanda ke hana shanya. Abin kunya ne ma ka tambayi mutum dalilin da ya sa ya shanya tubali. Amma kowa ya san akwai shanya, akwai kuma shanya. Wata takan bushe a kwashe. Wata kuwa sai ka ga an tara ta a jere, jeren ya yi kusurwa, kusurwar ta samu laka a tsakani, wata safiya ka tashi ka tarar an sa ƙofa. Ba wanda ya ce ya kama fili, ba wanda ya ce an kama. Shanya ce dai ta girma.

Wani Alhaji maƙwabcinmu, mai babban butik, wato kanti, a bakin filin, shi ya fara. Tubalinsa ya bushe har ya yi fari, bai kwashe ba. Da mutane suka ga haka, sai tsoro ya shiga. Kowa ya ce in na tsaya kallo za a raba ba ni. Tela ya buga nasa, mai wankin mota ya buga nasa, har waɗanda na san ko ginin akurki ba su da niyyar yi. Filin ya koma kamar an zuba mishi ƙuraje.

Wata la'asar na dawo daga aiki, sai na tarar da sabon tubali, ɗanye shar, an zagaye bagaruwa da shi. Mahaifiyata tana tsakiya tana tsince ruɓaɓɓen tumatir.

"Inna, wannan na wa ne?"

"Nawa."

"Mi za ki gina?"

"Shanya ce."

"Inna."

Ta ɗago ta dube ni. "Kowa na shanya, ni in naɗe hannu? Ranar da aka raba filin ga, ina zan kasa albasa, bisa kanka?"

Na juya na tafi gida. Washegari na roƙi maigidana ya ba ni ɗan lokaci, na shiga mairi, sashen da ke kula da filaye. Na zaci za a kore ni, sai ma'aikacin ya warware mini zanen unguwarmu bisa tebur ba wani ja-in-ja, ya ce ai don a gani aka yi shi. Na bi da yatsa har na samu filinmu. Zane a gicciye, ba lamba, an rubuta marché de quartier, kasuwar unguwa. Wato tun kafin mahaifiyata ta aje faifanta na farko, wani da bai san ta ba ya zauna ya ce nan kasuwa za a yi. Ma'aikacin ya ce mini filin ba a ba kowa shi ba, kuma ba za a ba kowa ba. Amma in aka bari mutane suka gina har suka shiga da iyali, fitar da su abu ne mai ɗaci, wani lokaci a yi shekaru ana ja. Gara mutanen unguwa su tsare shi tun yanzu, su kuma ƴan mairi su zo su sake kafa borni, ƴan turakun simintin da ke nuna iyaka.

Na fito kaina ya yi girma. Na yi fotokopin wurin, na naɗe, na sa rigata ta Juma'a. Bayan sallar la'asar dattawa sukan zauna a ƙofar gidan mai unguwa, nan na same su. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na shimfiɗa takarda a tsakiyar tabarma. Duk faransancin da na haɗiya a bidiyo ranar ya fito: domaine public, occupation anarchique, har da wasu kalmomin da ni kaina ban tabbata ba. Na riƙa dangwala yatsa, nan Alhaji ya ci, nan tela ya ci, nan wane ya ci.

Alhaji ya gyara rawaninsa a hankali.

"Wa ya ci fili? Ni tubali na shanya. Ko yanzu shanya ma sai da takardar mairi?"

Aka yi ƴar dariya.

"Kuma yaro, tubalin da ke gindin bagaruwa na wa ne? Ko plan ɗinka bai hango nan ba? Ka faɗi gaskiya mana. Duk faransancin ga don inuwar uwarka ne."

Wannan karon dariyar ta fi ƙarfi. Mai unguwa, mutum ne da ba ya son a kunyata kowa, ya ce mini cikin sanyin murya, "Naɗe takardarka, ɗana, kar iska ta yaga maka ita."

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Mahaifiyata tana zaune a tsakar gida, ko sannu ba ta yi mini ba.

"Ka je gaban sa'o'in ubanka ka kira su ɓarayi."

"Ban ce ɓarayi ba, Inna. Occupation anarchique na ce."

"Da Hausa mi ke nan?"

Na sosa ƙeya.

"To ka gani."

A fada kuwa kar ku tambaya. Abokina ya ɗauki tabarmar salla ya naɗe ta kamar takarda, yana yawo yana dangwala yatsa a kan kowa yana cewa nan ka ci, nan ka ci. Ni ma sai da na yi dariyar dole.

Ana nan, shanyar Alhaji ta samu laka a tsakani, ta zama katanga har gwiwa. Sauran ma kowa ya ƙara matso da nasa. Ranar da direban Tabelot ya sake zuwa, ya leƙo ya ga ba inda zai juya kamiyo, sai ya sauke buhunan mahaifiyata can bakin gudron, hanyar kwalta. Ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, in haka wurin zai zama, gaba sai dai ki same ni babbar kasuwa." Ni da abokina muka nemo puspus, ɗan amalanken hannu, muka turo buhunan cikin rairayi, muna nishi. Ita kuwa ta biyo mu a baya tana ɗingishi, tana tsayawa tana dafa bango.

Da muka isa gida ta zauna tana shafa ma gwiwarta man zafi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗauko takardar taka in gani."

Mahaifiyata ba ta karatun boko, kuma na riga na ga abin da faransanci ya jawo mini. Sai na bar takardar, na jawo faifai. Na jera albasa layi-layi na ce ga gidajenmu. Na ja yatsa a tsakani na ce ga hanyoyi. Na bar tsakiya ba komai na ce nan an bar shi da gangan, tun ranar da aka zana unguwar, an rubuta kasuwa. Ba naki ba ne, ba na Alhaji ba ne, amma in ya zama kasuwa ba mai tada ki har abada. In kuwa aka raba, mai ƙarfi zai ɗauki babba, ke ki samu ɗan lungu da kamiyo ba ya shiga, in ma an bar miki.

Ta daɗe tana kallon tsakiyar faifan.

"Wato an riga an ba mu kasuwa, mu ne muke cinye ta da hannunmu."

"Shi ke nan, Inna."

"To maganarka gaskiya ce, bakinka ne ba shi da linzami. Ba a ce ma babba ya ci fili a gaban mutane. In ka faɗa, ko yana son ya janye ba zai iya ba, ka rufe mishi ƙofa. Shi Alhajin da bakinsa mi ya ce?"

"Ya ce shanya ce."

"To ka riƙe shi a nan. Kowa ya ce shanya ce, har ni. Shanya kuwa tana da ranar kwashewa."

Na miƙe tsaye ban sani ba, albasar gidajenmu ta watse. Ga damina tana ƙaratowa, kuma ko yaro ya san tubalin laka in ruwa ya sauka bisa shi komawa yake taɓo. Ba sai an zargi kowa ba. Tausayin tubalin jama'a kawai za a ji.

Da safe na tafi wurin mai unguwa, shi kaɗai, ba takarda. Na durƙusa na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, na ba shi haƙuri kan rashin kunyar da na yi. Sannan na ce, "Baba, na ga tubalin jama'a duk ya bushe, ga hadari ya fara leƙowa ta bayan duwatsu. In ruwa ya same shi a waje asara ce. Mu samari mun ce ko za ka sa rana mu yi gayya. Mai son nasa a gida mu kai mishi har ƙofa. Mai son ya ba da sadaka a yi rumfunan kasuwa, Allah ya ba shi lada."

Ya dube ni, ya shafa gemu, yana danne murmushi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Inna."

"Na sani. Faransancin naka ne, wannan nata ne." Ya ce zai sa a faɗa a masallaci.

Saura nawa aikin, kuma nan ne nake alfahari, ku bar ni in yi. Na gane dattawa ba za su taɓa ganin kasuwa a takarda ba. To sai in zana musu ita a ƙasa, da girmanta. Magina ai da toka suke fitar da layin tushe. Na bi gida-gida ina roƙon tokar murhu, mata suna tambayata ko sabulu zan dafa. Abokina, duk da iya shegensa, shi ya riƙe mini bakin igiya, ƴan fada suka riƙa zuba toka a bayana. Muka fitar da iyakar filin. Muka ja hanyar da kamiyo zai shiga ya juya ya fita. Muka yi layin masu kayan miya, layin masu hatsi, layin masu tuya nesa da masu tufafi don tartsatsin wuta. Masu nama da wurin zuba shara na kai su yamma, tunda iskarmu galibi daga gabas take busowa, kar wari ya bi ta kan kowa. Wuri ɗaya ne ban zana komai ba, gindin bagaruwa. Na zagaye shi na wuce. Ban san yadda zan yi da shi ba.

Kafin azahar unguwa ta fito kallo. Abin da ya ba ni mamaki, mutane suna tafiya cikin layukan toka kamar akwai bango, ba mai tsallakewa, sai sun bi ta inda na bar ƙofa. Mai ƙosai ta tsaya cikin nata gidan tokar tana cewa ya yi mata kaɗan, ina za ta aje itace. Na ce mata a gyara. A raina na ce alhamdu lillahi, tunda har an fara faɗa a kan rumfa, kasuwa ta tabbata.

Ranar gayya muka fito da amalanken jaki da puspus. Kowa ya fito, amma kowa ya je ya tsaya kusa da tulin tubalinsa yana kallon na kusa da shi. Ba wanda ke son ya riga. Mai unguwa ya yi addu'a, aka shafa, aka ci gaba da tsayuwa. Alhaji yana bisa kujerarsa a ƙofar butik da tasbaha. Ya ɗaga murya kaɗan, yadda kowa zai ji.

"To Mushe Plan, a fara da na gindin bagaruwa mana. Ko shi bai bushe ba?"

Duk ido ya koma kan mahaifiyata. Ni kuwa ƙasa nake kallo, don ban taɓa iya buɗe baki na ce mata ta bar wurin ba. Inuwar ga ita kaɗai ce a filin, kuma ita ta share ƙayar wurin da hannunta tun ba kowa.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta sunkuya da gwiwoyin nan nata ta ɗauki tubali guda, na zabura zan karɓa ta harare ni. Ta taka da shi a hankali har layin tokar farko, ta aje.

"Nawa ya bushe, Alhaji. Na ba kasuwa. Inuwar ma na bar ta. A jera randuna a wurin, mai saye da mai sayarwa kowa ya sha ruwa ya huta. Kar gobe a ce ɗana ya zana gari don uwarsa."

Sai mai ƙosai ta ce, "To mu mi muke jira," ta nufi nata tulin. Tela ya ce shi dama rabin nasa ya yi niyyar bayarwa. Mai wankin mota ya ce a kai mishi nasa gida, muka kai, ba wanda ya ce mishi komai, da yamma kuma sai ga shi ya dawo da kusan duka. Amalanke ya yi ta kai da kawowa, yara suna bin jaki, mata suka kawo fura. Filin ya riƙa buɗewa a gaban idonmu.

Saura katangar Alhaji. Ya taso ya tsaya a gabanta, hannu a baya.

"Nawa ya riga ya kama ƙasa. Ba ya ɗaukuwa."

Wannan na riga na yi tunaninsa tun ranar toka. Katangar tasa ta faɗo kusan daidai bisa iyakar filin ta arewa, sai na ɗan karkata layin farko ya jingina da ita. Na matso na rusuna.

"Alhaji, ai naka ba a taɓa shi. Dubi tokar. Shi ne bangon bayan rumfunan farko. Kai ka riga kowa fara ginin kasuwar ga, mu bayanka muka biyo."

Ya dubi tokar, ya dubi katangar, ya dubi mutane. Na san in ya ce a'a, duk wanda ya kwashe nasa gobe zai maido.

"Dama abin da na yi niyya ke nan," in ji shi. "Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri." Ya ɗan bugi katangar da sanda. "Kuma wannan ta yi gajarta, akuya ma za ta tsallaka. A ƙara mata tsawo, zan aiko da magini."

Abokina ya juya baya yana tari, wai ƙura ce ta shaƙe shi.

Bayan nan mai unguwa ya kai maganar mairi, aka turo masu awo su kafa borni. Cikinsu har da dattijon nan mai alƙalami a kunne. Ya zagaya layukan tokata, abin da iska ta rage, yana gyaɗa kai, ni ina bin shi a baya ƙirji a buɗe. Ya ce iyaka ta yi, wurin masu nama ya yi. Hanyar kamiyo ta yi tsuku, a ƙara. Sai ya tsaya ya waiga ko'ina.

"Mutanen kasuwar taka ba sa zagayawa ne?"

Na manta da masai ƙaf. Ni da aka fara koya ma zonage da misalin masai. Ya nuna inda za a yi su, ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, wanda bai zana ba shi ne ba ya mantuwa.

Da aka gama rumfuna aka raba su da ƙuri'a, don kar a ce an yi son kai. Mahaifiyata ta jawo ta ƙarshen layi, mai kallon yamma, inda rana take shiga har cikin faifai daga la'asar.

Abin da na koya, ƴan'uwa, shi ne tsarin gari ba abin manyan buro, masu zaman ofis, ba ne kawai. Barin wuri ne ma abin da bai zo ba tukuna. Filin da kuka gani a buɗe a unguwarku, wanda kuke zuba shara ko kuke cewa ba na kowa ba ne, mai yiwuwa shi ne lakwal ɗin ƴaƴanku ko likitar da za a kai matanku haihuwa. Ku je ku nemi a nuna muku zanen unguwarku, ba laifi ba ne, ba a kuma cizo. Kafin ka sayi farsel ka tabbata tana da lamba, ba rezerb ba ce, ba hanyar ruwa ba ce. Sannan na koyi cewa sanin gaskiya daban, sanin ƙofar da za a shigar da ita daban. Na farkon a waya na koye shi. Na biyun a tsakar gidanmu.

Har yau ba ni da diplôme, ba takardar shaidar komai, ina nan ina koyo. Amma duk safiyar da na ji ƙahon kamiyon Tabelot yana shiga ta hanyar da na ja da igiya, ya juya ba tare da ya taɓa rumfar kowa ba, sai in ji kamar in tsayar da mutane in gaya musu. Wani lokaci ma ina tsayar da su.

Mahaifiyata tana nan a rumfarta ta ƙarshen layi. Na kafa mata buhu ya tare rana, ta ce yana hana ta ganin masu zuwa, ta cire. Da la'asar za ka same ta ta kare fuska da faifai tana mita. In baƙo ya tsaya sayen albasa ya ce kasuwar ga ta tsaru, wa ya shirya muku ita haka, sai ta ƙara mishi guda biyu gyara, ta ce:

"Ɗana ne. Shi ya zana ta tun daga bakin hanya har masai, ya ba kowa wurinsa. Ni uwarsa kuma ka ga inda ya aje ni, cikin rana."

Kuma ba ta taɓa faɗin haka da ƙaramar murya ba. Sai layin gaba ɗaya ya ji.